Ƙafafun Saniyar Farko

Babbar damina ce, wadda takan kama mu a Yawunde daga watan tara har ta kusa cinye na sha ɗaya. A shekarar nan ruwa bai huta ba. Jar lakar unguwarmu Briqueterie, wadda mu muke ce wa Birik, ta bi mu har cikin ɗaki, ta kama gefen zani, ta kama tabarmar salla. Wanki yakan kwana uku a igiya yana warin sanyi. Daga arewa kuwa labarin fari ake ta kawowa, shanun da jirgin ƙasa yake saukewa daga Ngaundere duk ƙashi ne da ƙaho. Ban yi ciwo a shekarar ba, ba a kuma yi mini rasuwa ba, amma ban tuna wata shekara da na gaji kamarta ba. Ita ce shekarar da ɗana ya zama shugaban mahauta.

Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma zan fara a takarda ba. A gidanmu haka muka tashi muka tarar: uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta kallon tsabar idonsa. Da a gida muke, cikin dangi, da tun yaye kakarsa ta ɗauke shi. Nan ba ni da kowa, sai na riƙe abina, ina yi masa magana ta gefe kamar da bango nake. In abin faɗa ne sai in sa wani ya yi masa. Na faɗi wannan ne don a gane abin da ya sa na yi wata uku da magana a bakina na kasa fitar da ita.

Mahaifinsa mahauci ne. Ya rasu yaron yana da shekara tara, ƙannensa mata biyu ƙanana. Ranar da na fita takaba, Sarkin Fawa na lokacin, wani dattijo mai ƙaramar murya, ya aiko cewa gobe in kai daro mayanka. Ban gane ba, sai da maƙwabciyata ta yi mini bayani. Bafillatana ce daga Ngaundere, mijinta shi ma mahauci. Ta girme ni, nakan ce mata Adda.

Akwai wani mangwaro a bakin mayanka. Duk matar mahaucin da mijinta ya rasu, in ba ta da mai riƙe ta, takan ajiye daronta a gindinsa bayan sallar asuba ta koma gida. Shanun da aka fara kayarwa a ranar, ko na wane ne, ba a sayar da ƙafafunsu. Sarkin Fawa da hannunsa yake ɗauka ya zuba huɗu-huɗu a kowane daro. In rana ta ɗan taso a je a ɗauko. Ba a godiya, ba a tsayawa a ga wanda ya zuba. Dattijon yakan ce ai ba sadaka ba ce, wuƙar mamacin ce take ci gaba da aiki.

Da ƙafafun nan huɗu na riƙe gida shekara goma sha biyu. In babbake su, in kankare, in wanke, in sassara, in ɗora da citta da masoro da tafarnuwa, su yi ta dahuwa har azahar. Teloli su aiko da kwano, direbobin taksi su tsaya, masu tura amalanke daga kasuwar Mokolo su zauna a benci su ci da rogo. A cikin tukunyar nan aka sami na ɗinkin kayan makarantar yaron, a cikinta aka aurar da ƙannensa. A cikinta ma na sami na sayen littafi da fensir, lokacin da wata malama ta buɗe mana ajin manya a zauren maƙwabta, inda na koyi wannan rubutun da nake yi. Wani lokaci ni nake zuwa ɗauko daron, wani lokaci shi nake aikawa kafin ya tafi makaranta. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Da ya kama wuƙar mahaifinsa ya fara samu, shi da kansa ya ce a daina kai daro. Na wanke shi na tura ƙarƙashin gado. Farin daro ne mai shuɗin baki, fentinsa ya ɓalle a gefe ɗaya. Ba a daɗe ba mijin Adda ya rasu, ba su bar ɗa namiji ba, sai nata daron ya maye gurbin nawa a gindin mangwaro. Na ba ta bencin, na nuna mata yawan cittar da teloli suke so.

Shekaru suka wuce, idon Sarkin Fawa ya mutu. Su kuma mutanen meri, wato hukumar gari, suka ce sun gaji da tafinta, suna son mahauta su kafa ƙungiya da shugaba mai jin Faransanci, mai iya sa hannu a takarda. Ɗana ya fi kowa karatu a cikinsu. Ya kuwa nemi abin, ba tura shi aka yi ba. Gida-gida ya bi yana gaida manya da goro. Da aka ba shi, tsofaffi suka ci gaba da ce masa Sarki, samari suna ce masa Furezidan, shi kuma na biyun ya fi so.

Ba zan zalunce shi ba. Ya yi aiki. Kafin shi a kan ƙasa ake fiɗa, jini da laka su haɗu, ruwa kuma sai an ɗebo daga rafi. Shi ya sa aka daɓe wurin da siminti, aka jawo famfo, aka kafa rumfar kwano. Likitan dabbobi da yake zuwa ya yi ta jifan mutane da baƙar magana ya koma yana ba shi hannu. Aka fara ganinsa da farar riga irin ta asibiti, da jakar takardu, da ƙaramin babur. Kullum yana taro. In ba ya meri yana wani ofis, in ba ya ofis yana rakiyar wani babba tashar jirgi. Bencin da tsohon Sarki yake zama a kai tun asuba, inda ake kawo masa ƙarar wanda aka yi wa rowar wuƙa ko wanda matarsa ba ta da lafiya, aka jingine shi a bango.

Simintin nan da famfon ba daga sama suka faɗo ba. Ya yi magana ne da masu manyan otal da gidajen abinci na cikin gari, su kwashe duk kai da ƙafa da jela na ranar, mota ta zo ta ɗauka gaba ɗaya, abin da aka samu ya shiga gyaran mayanka. Duk, har da ƙafafun shanun farko.

Mata biyar ne suke ajiye daro a lokacin. Wata safiya Adda ta shigo mini da nata a ka, ta sauke a gabana, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa.

«Innar Furezidan, kin ji ƙararsa? Sabuwar ganga na samu. Biki zan fara zuwa.»

Na ce, «Adda, ko kin makara ne?»

«Ni? Ladan ma a hanya yake samuna. Sun ce mota ta kwashe. Ƙafafun sun sami ci gaba, yanzu a mota suke tafiya, ni ce dai har yau a ƙasa.»

Muka yi dariya, don ba mu ɗauka abin zai kwana ba. Washegari ta kai, ta dawo da shi haka. Ta yi sati tana kaiwa, sannan ta daina. Ta gwada saye a kasuwa, amma da tsadar shekarar nan abin da za ta sayar bai kai abin da ta saya ba. Ta gwada ƙosai, ta tarar layin nan kaɗai mata uku suke yi. Teloli suka daina aiko kwano. Bencinta ya zauna a ruwa har ya fara tsiro.

Ni kuwa kowace Juma'a ɗana yakan zo gaishe ni da ƙunshin tsoka mai kyau, wadda ba ta da ko jijiya. In raba biyu in kai wa Adda. Takan karɓa ta ce Allah ya yi masa albarka, amma ba ta kallona in tana faɗa.

Na fara bi ta wajen matar ɗana. Yarinya ce mai hankali, ta ce za ta faɗa masa. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce ya ce yana sane, zai duba. Na jira sati biyu, sannan na yafa mayafi na tafi unguwar Ekoudou, inda tsohon Sarkin Fawa yake zaune wajen 'yarsa. Na same shi a zaure yana jan carbi, ya gane ni da murya.

«Mai farin daro ce? Ashe kina nan.»

Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye carbin a cinyarsa.

«'Yata, ni yanzu in na yi magana sai a ce tsoho yana kishin kujera. Kuma bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ma da na nemi sarautar nan ba don matan kowa na nema ba. Rawani nake so. Ina so in shiga masallaci a matsa mini. Na yi shekara guda ina zuba ƙafafun nan ina jin haushi, don wanda na gada ya ce dole. Daga baya ne hannuna ya saba, zuciyar ta biyo. Shi naki ba wanda ya ce masa dole. Ni ya kamata in ce, ranar da na ba shi wuƙar sarauta. Na ga yana da karatu, sai na ji nauyin koya masa.»

Na ce, «To Baba, yanzu fa?»

«Yanzu saura ke.»

«Ka san ba na iya magana da shi.»

«Na sani. Shi ya sa na ce saura ke. Duk masu iya magana da shi sun yi.»

Na dawo a ƙasa, ruwa yana bina. A hanya nake ta tambayar kaina me yaron nan yake nema. Da farko na zaci dukiya ce, amma matarsa ta ce ko kwanon rufin ɗakinsu da yake yoyo bai canja ba, abinci ma a tsaye yake ci. Sai na ce ko kujera ce, don ranar bikin ƙasa an sa shi a inuwa tare da manya, ya yi kwana uku yana ba da labari. Wannan ma bai gamsar da ni ba. Na san yaron da na haifa, ba mai son a kalle shi ba ne. Yana gudu ne kamar wanda ake kora, ni kuma ban ga mai korar ba.

Ranar wata Laraba Adda ta shigo da babbar tukunyarta ta farfesu, ta ajiye a ƙofar ɗakina. Ta ce ƙaninta ya aiko daga Ngaundere, ta koma ta zauna a gidansa, jirgin Litinin za ta bi. Shekararta talatin a Birik. Kabarin mijinta a nan yake, 'yarta ɗaya tilo tana aure nan unguwar Nkomkana, ga ta da ciki.

«Ajiye mini wannan. Can sun ce ba sai na yi komai ba, in zauna kawai in ci.» Ta gyara ɗankwali. «Kin taɓa ganin na zauna kawai?»

Juma'a ya zo bayan masallaci, kamar kullum. Ana yayyafi. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye ƙunshin nama. Ina zaune ina tsince shinkafa a faifai, na juya masa gefe kamar yadda na saba. Ya fara shirin tashi, ya ce ana jiransa a wani taro. Idona yana kan faifai na ce, «A zauna.»

Ya zauna. Ina jin shi ma ya tsorata, don bai taɓa jin haka daga bakina ba.

Na ce, «Tukunyar da take ƙofa an san ta?»

«Ta Goggo ce, Inna.» Haka yake kiran Adda tun yana yaro.

«Litinin za ta tafi.»

«Na ji. Inna, ina sane da su. Na ce daga wata mai kamawa duk Juma'a a kai musu nama har gida, su biyar ɗin. Tsoka, irin wannan, ba ƙashi ba.»

«Su ci?»

«Su ci mana.»

«In sun ci fa? Da safe su tashi su yi me?»

Na ci gaba da tsintar shinkafa. Na ce, «Naman da aka kawo wa mutum ya ci, godiya ake yi. Ƙafa ba a yi mata godiya. Aiki ce. Mace ta tashi ta hura wuta, ta sayar, ta ce wa mai ci ya matsa ya ba wani wuri. Ni shekara goma sha biyu ban ce wa kowa na gode ba.»

«Ke ba ki ce ba, Inna. Ni na ce.»

Muryarsa ta canja, har na kusa ɗaga kai.

«Ni nake zuwa ɗauka. Duk samarin mayanka suna kallo. In wuce ta gaban makaranta da daro a kaina, jini yana ɗiga mini a wuya. Kin san sunan da suka sa mini? Kofato. Har malamin aji da shi yake kirana, da Faransanci, yara suna dariya. Yau akwai wanda yake zaune a ofis, in na shiga da takarda sai ya kalli ƙafata ya yi murmushi. Ajinmu ɗaya. Ranar da aka ba ni shugabancin nan na ce ba za a ƙara jera daro a gindin itacen nan kamar masu bara ba. Mahauta ma mutane ne. A zo a ga siminti, a ga famfo, a ga muna da tsari.»

Na ajiye faifan. Shekara ashirin ke nan da wani abu, ban sani ba. Ina aikensa yana tafiya, yana dawowa ya wanke wuya ya ɗauki allo. Da ina kallon fuskarsa da wataƙila na gani. Al'adar da ta hana ni kallonsa ita ta ɓoye mini. Sai a ranar na ga mai korar tasa, yaro ne ɗan shekara tara da daro a ka.

Na so in ce masa ya yafe mini. Bakina bai saba ba. Abin da ya fito shi ne, «An sha wuya.»

«Ya wuce, Inna.»

«Bai wuce ba, tunda ga shi Adda ce take biya. Ita ba ta yi wa kowa dariya ba.»

Ruwa yana ta sauka a kan kwano. Can ya ce ya riga ya sa hannu da mutanen otal, kuma mai mota yakan duba kayan kafin ya ɗauka. In ya fara cirewa za a ce mahauta ba su da alkawari, abin da kullum ake faɗa ke nan. Ya ce in ba shi lokaci, in damina ta wuce zai san yadda zai yi. Ya duba agogo, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya sa takalmi. Na ji ƙarar babur ɗin har ta ɓace.

Na zauna har la'asar ban dafa shinkafar ba. Ban yi fushi ba, gajiya ce kawai. Na ga mutum yana iya gyara wuri tas, ya kawo ruwa, ya kawo rufi, duk don ya rufe bakin waɗanda suka yi masa dariya, su kuwa waɗanda aka damƙa masa ya wuce su bai gani ba. Masu dariyar ma ba su san yana yi ba.

Washegari Asabar, bayan na idar da sallar asuba, na durƙusa na jawo farin daron daga ƙarƙashin gado. Na zubar da tsummokaran da na tara a ciki, na wanke shi. Na leƙa ɗakin Adda na ce ta ba ni nata. Ta ce me zan yi da shi, na ce aro. Na haɗa biyun na ɗora a ka, na bi hanyar da ƙafata ba ta manta ba, laka tana cire mini takalmi.

An riga an fara aiki a mayanka. Famfon yana zuba, simintin yana ƙyalli, gaskiya wurin ya yi kyau. Motar otal tana tsaye. Na wuce gindin mangwaro na sauke, na ajiye na Adda, na ajiye nawa kusa da shi, gefen da fenti ya ɓalle yana kallon rumfa. Ni ma matar mahauci ce da mijinta ya rasu, ba wanda zai ce ba wurina ba ne. Na ji wuƙaƙe sun tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ta gefen ido na hango farar riga ta fito daga rumfa ta tsaya. Ban kalle shi ba. Na juya na koma gida, kamar yadda ake yi.

Na ce wa Adda ta hura wuta. Ta ce, «In dafa me, lakar takalminki?» Amma ta hura.

Rana ta ɗan taso sai ga wani dattijon mahauci, abokin marigayi mijina, da daro biyu. Na Adda da ƙafa huɗu a ciki. Nawa babu komai, an wanke shi an goge. Ya ce Furezidan ya ce a gaishe ni, kuma don Allah kada in ƙara.

Na ce, «Shi ya zuba?»

«Shi ya zuba. Sai da ya tuɓe farar rigar.»

«Sauran mata huɗun fa?»

Ya ce bai ji an yi zancensu ba.

Na mayar wa Adda tukunyarta, na taya ta babbaka, hayaƙin ɗanyen itace yana sa mu hawaye. Ba ta ce ta fasa tafiya ba, amma ta aika a gaya wa teloli akwai farfesu da azahar. Da muka ɗora, na ɗauki farin darona. Ban mayar da shi ƙarƙashin gado ba. Na kife shi a bakin ƙofa, inda hannuna zai same shi da asuba.